Memwar da ba ta aiki sai cikin tsananin sanyi: tambayoyi da amsoshi

Ni malamin fizik ne a wata lise a nan Damagaram. Wata rana cikin watan Afrilu, fanka ta tsaya, yara na fifita da littattafansu, na yi suɓutar baki na ce akwai kwamfutar da ba ta aiki sai an sanyaya ta zuwa digiri 269 ƙasa da sifili. Aji ya kwashe da dariya, wata yarinya ta ce a kawo ta nan mu raɓa. Tun daga ranar tambayoyi ke bina, daga aji zuwa fadarmu ta shayi bayan isha'i, har wani mai gyaran salula ya tare ni a bakin Kasuwar Dole. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa. Wasu amsarsu layi biyu ce, wasu sai an gyara zama.

Malam, wane irin ƙarfe ne wannan da sai da sanyi yake aiki?

Duk wayar da wuta ke bi tana yi mata gardama. Wannan gardama ita muke kira turjiya, kuma ita ke sa caja ta yi ɗumi a hannunka: wani kaso na wutar da ka biya ya zama zafi tun a hanya. A 1911, a garin Leiden na ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan iskar hiliyom, iskar da shi ne ya fara mayar da ita ruwa a 1908. Da sanyin ya kai kelbin 4 da ɗan ɗoriya, sai turjiyar ta ɓace ɗungurungum, ko ƙyallinta bai gani a ma'auni ba. Kelbin ma'auni ne da ke fara ƙirga daga ƙarshen sanyi, wato digiri 273 ƙasa da sifili, inda babu sauran gaba.

An yi shekara 46 ana ganin abin ba a san dalilinsa ba. Sai a 1957 Bardeen da Cooper da Schrieffer suka warware shi: a cikin irin wannan sanyi, elektaron na haɗuwa bibbiyu, kuma dukansu su ɗauki taki ɗaya, ta yadda rawar da ƙwayoyin ƙarfen ke yi ba ta iya fizge ɗaya daga sahu. Ƴan lise sun san shi da sunansa na Faransanci, supraconducteur. Ni a nan zan riƙa cewa ƙarfe maras turjiya. Wanda aka fi aiki da shi a wannan fanni shi ne niyobiyom, mai rasa turjiyarsa a kusan kelbin 9.

To me ya haɗa shi da memwar?

Ka yi zobe da shi, ka tura wuta ciki, ka cire batir. Wutar za ta ci gaba da zagayawa, yau da gobe da baɗi, muddin sanyin na nan. Zoben da ke da wuta ka kira shi 1, wanda babu ka kira shi 0. Ka samu ma'ajiya ke nan, domin duk abin da kwamfuta ke tunawa jerin 0 da 1 ne.

Gwada da ma'ajiyar aiki ta cikin wayarka, wadda ake kira DRAM. Ita randa ce mai yoyo. Kowane gurbi nata yana zubar da cajinsa, shi ya sa ake komawa a cika shi cikin kowane kashi 64 na dubu na daƙiƙa, dare da rana. Zoben ba ya yoyo.

Akwai abu na biyu, wanda ya fi burge ni. Maganaɗisun da ke ratsa tsakiyar zoben ba ya shiga yadda ya ga dama, sai ƙwaya-ƙwaya, kamar gero: ƙwaya ɗaya, biyu, uku, babu rabi. Girman ƙwayar kuwa ɗaya ne a ko'ina a duniya. Saboda haka 1 ɗinka tsayayye ne, ba mai cewa ya kusa cika ko ya ɗan rage.

Saura ƙofa, wadda ƙwayar za ta bi ta shiga ko ta fita. Wannan ita ce mahaɗar Josephson. Brian Josephson yana ɗalibi ɗan shekara 22 a Kembirij ya lissafa ta a 1962, aka ba shi kyautar Nobel a 1973. Falle biyu ne na niyobiyom, a tsakaninsu fatar tsatsar alminiyom mai kaurin ƴan ƙwayoyin zarra kaɗan. In wutar da ke bi ba ta kai wani haddi ba, ƙofar na rufe. Da ta haura, ƙwaya ɗaya ta wuce, a ji bugu ɗaya gajere, ƙofar ta koma.

Saurin da ake ta zuzutawa, nawa ne?

Bugun nan bai wuce fikosakan ɗaya zuwa ƴan kaɗan ba. Fikosakan ɗaya shi ne ka raba daƙiƙa gida miliyan, ka ɗauki gida ɗaya ka sake raba shi gida miliyan. Haske, duk da gudunsa, bai cika sulusin milimita a cikinsa ba.

A 1985, a Jami'ar Mosko, Likharev da Mukhanov da Semenov suka tsara yadda za a yi lissafi da waɗannan bugu kai tsaye, tsarin da ake kira RSFQ. A 1999, a Jami'ar Stony Brook ta Amurka, wata ƴar ƙaramar da'ira ta wannan tsari ta yi aiki a gigahaz 770, wato bugu miliyar 770 a daƙiƙa (miliyar shi ne biliyan a bakin ƴan'uwanmu na Nijeriya). Ƙwaƙwalwar wayarka tana tsakanin gigahaz 2 zuwa 3. Amma kada a ruɗe ka da 770 ɗin nan. Da'irar ba ta iya komai sai raba bugu gida biyu. Masu aikin gaske, masu tarawa da ninkawa, suna gudu ne a gigahaz gommai. Ko hakan ma ba wasa ba ne.

Ƙarfin da bugu ɗaya ke ci kuwa, in za ka rubuta shi da jul, sai ka sa sifili da waƙafi, ka jera sifili 18, sannan ka sa 2.

In an samu wannan gudun tun 1999, me ake jira?

A nan gizo ke saƙa, kuma ɗan Zinder ba ya buƙatar dogon bayani. Ka san daren da pampo ya zo da ƙarfi bayan kwana da kwanaki, an tashi gida kaf, sai a tarar bido ɗaya ne babu komai a ciki. Ƙarfin ruwan bai amfane ka ba, abin da mazubinka ya ɗauka shi ne naka. Ɓangaren lissafi na wannan kwamfuta pampo ne mai ƙarfin gaske. Mazubin ne har yanzu bai wuce moɗa ba.

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1956 Dudley Buck na jami'ar MIT ta Amurka ya fito da makunni maras turjiya da ya kira kirayoturon. Kamfanin IBM ya shafe fiye da shekara goma yana neman gina kwamfutar Josephson, ya rufe aikin a 1983. Cikin manyan dalilan akwai ma'ajiyar da ta ƙi kai gudun da ake so, da mahaɗun dalma masu lalacewa in an sanyaya an ɗumama sau da yawa, ga kuma silikon, wanda ake yin kwamfutar yau da kullum da shi, yana ta ƙara gudu a gefe. Japanawa suka ɗora da niyobiyom, wanda ya fi juriya. A 1995 masu bincike na kamfanin NEC na Japan suka nuna ma'ajiya mai gurbi 4096 da ake karantawa cikin fikosakan 380. Gudu kam an yi. Amma gurbi 4096 harafi 512 ne, saƙon SMS uku da ɗan wani abu. Waya mai jiga 4 ta ninka ta fiye da sau miliyan 8.

Za ka ce a haɗa ta da DRAM ta kasuwa mana. DRAM na ɗaukar nanosakan gommai (nanosakan ɗaya fikosakan dubu ne) kafin ta ba da amsa, ga tafiyar da saƙon zai yi daga cikin sanyi zuwa waje ya dawo. Kafin amsa ɗaya ta iso, ɓangaren lissafi ya yi bugu dubbai yana zaune hannu rabbana.

Me ya hana a ƙanƙanta zoben, kamar yadda aka ƙanƙanta tiransisto?

Girman ƙwayar. Shi ba ya raguwa don kana so. Kafin zobe ya riƙe ƙwaya ɗaya, sai faɗinsa da ƙarfin wutar da ke zagaya shi, in an ninka su, sun kai wannan girman. Ka rage zoben, dole ka ƙara wuta, wayoyin da ke kai ta su yi kauri, ribar ta tafi. Ka rage wutar, zoben ya ƙara faɗi, kuma ɗan ɗumin da ya rage a kelbin 4 ya isa ya ture ƙofar, 1 ya koma 0 ba da saninka ba. Gaba kura, baya sayaki.

Ban da haka, kowane gurbi na buƙatar hanyar da za a zaɓe shi shi kaɗai cikin dubbai, a rubuta ko a karanta ba a taɓa maƙwabcinsa ba. A tsoffin tsare-tsaren ana yin haka da ƴan ƙananan taransifoma, su kuwa cin fili gare su.

Sai wani abin haushi: maganaɗisun ƙasa, wanda ke juya allurar kamfas. Yayin da guntun da aka ƙera da'irar a kansa ke sanyi, in wata ƙwaya ta maƙale a inda bai dace ba, gurbin da ke kusa ya lalace har sai an ɗumama an sake. Shi ya sa ake rufe na'urar da garkuwar ƙarfe ta musamman, a kuma haƙa ƴan ramuka cikin fallen niyobiyom don ɓatattun ƙwayoyi su faɗa can. Masana'antar Lincoln ta MIT, ɗaya daga cikin mafi gwaninta a wannan aiki, tana jera falle takwas na niyobiyom, kuma mahaɗun da take sawa a guntu ɗaya suna wajen miliyan guda. Guntun silikon na zamani na ɗauke da tiransisto miliyar gommai.

Waɗanne dabaru ake gwadawa yanzu?

A 2014 hukumar IARPA ta Amurka ta buɗe wani shiri mai suna C3, da kamfanonin IBM da Northrop Grumman da Raytheon BBN a ciki, kuma ta ware ma'ajiya a matsayin aiki mai zaman kansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ciwon yake.

Dabarar da aka fi zuba wa ido ita ce a daina ajiye labari cikin zobe, a mayar da shi cikin ƙofar kanta. Ana sa falle biyu siraran maganaɗisu a tsakiyar mahaɗar, ɗaya kafaffe, ɗaya mai juyawa. In sun fuskanci gefe ɗaya mahaɗar ta yi hali iri ɗaya, in sun juya wa juna baya ta yi wani. Masu bincike na NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, a Boulder sun nuna hakan a 2014, ƙungiyar Norman Birge ta Jami'ar Jihar Mishigan ta ƙara gaba a 2016, Northrop Grumman kuma ya raɗa wa tasa JMRAM. Kyawunta shi ne girman ƙwayar bai ɗaure ta ba. Wahalarta kaurin fallen: kuskuren ƙwayar zarra ɗaya ko biyu na iya sauya halin gurbi, kuma ana son gurbi miliyoyi su fito iri ɗaya.

Ta biyu ta siraran wayoyi ce. A 2014 McCaughan da Berggren na MIT suka ƙera makunni daga falle ɗaya tak, mai ɗan maƙoshi. Ƙaramin bugu na ɗumama maƙoshin, hanyar ta toshe, wuta ta karkata. Irin waɗannan siraran wayoyi na iya riƙe ƙwaya cikin ƙaramin fili, sai dai abin da ya ɗumama sai ya huce, nan ake rasa gudu.

Ta uku ba ta da kwalliya: a ɗauko ma'ajiyar silikon ta yau da kullum a saukar da ita cikin sanyin, kusa da ɓangaren lissafi. Van Duzer a Berkeley da Yoshikawa a Yokohama sun yi aiki a kai har gurbi dubu 64. Cikas ɗin shi ne bugun Josephson ƴan milibolt ne, silikon kuwa sai an yi masa magana da kusan bolt guda, saboda haka sai an sa tafinta mai ɗaga murya, shi kuma yana cin lokaci da wuta.

In ra'ayina kake so, ta ukun ita ce jakin aikin yau, ta farkon ita ce dokin da ake kiwo. Kowace sanarwa ka gani, ka tambayi abu uku: gurbi nawa, cikin fikosakan nawa, kuma nawa ne suka yi aiki ba kuskure. Gurbi ɗaya mai kyau a ɗakin gwaji ba ma'ajiya ba ne tukuna.

Me ya sa in ana maganar wannan ma'ajiya kullum sai a ambaci sadarwa da sarrafa sigina?

Domin nan ne moɗar za ta iya biyan buƙata.

Rediyo na gargajiya, in ya kamo sigina mai rawa sau miliyar 8 a daƙiƙa, ba ya iya mayar da shi lambobi kai tsaye. Sai ya bi da shi ta matakai, a tace, a saukar da rawar, a sake tacewa. Kowane mataki na ƙara ɗan shuu, kamar saƙon baka da ya bi ta bakin mutum biyar. Abin da injiniya ke mafarki shi ne ya ƙirga siginar tun a gindin eriya. Ƙa'idar Nyquist ta ce sai ka ɗebi samfur aƙalla ninki biyu na faɗin zangon da kake son kamawa, saboda haka zango mai faɗi na son agogo mai gudun tsiya. Nan ƙarfe maras turjiya ke da gata biyu: gudu, da kuma ma'auni na halitta, tunda ƙirga ƙwayoyi iri ɗaya yake yi. Kamfanin HYPRES na jihar Niyok ya gina irin waɗannan na'urori masu agogon kusan gigahaz 30, aka kama siginar tauraron ɗan adam ta zangon X, wajen gigahaz 7 zuwa 8, kai tsaye.

To lambobin da ke kwarara fa? Matatar lambobi sai ta tuna samfuran da suka wuce kafin ta haɗa su da na yanzu. Radar sai ta riƙe abin da ta aika don ta gane shi in ya dawo. Eriyoyi da yawa masu sauraron abu ɗaya sai an jinkirta na kusa ya jira na nesa. Na'urar raba saƙonni a kan igiyar fiba sai ta tsayar da wani ƙunshi har hanya ta buɗe. Duk wannan tuni ne na ɗan lokaci. Ba rumbu ake nema ba, ƙwarya ake so wadda za ta cika a juye cikin ƙiftawa. Amma ka yi lissafi da kanka: a kan lamba miliyar 30 a daƙiƙa, gurbi 4096 na cika cikin ƙasa da kashi ɗaya na miliyan 7 na daƙiƙa. Ƙwaryar ma sai ta ƙara girma.

Alhaji ya tambaya: zafin garinmu ba zai hana ba?

Ranka ya daɗe, abin mamaki zafinmu ba shi ne matsalar ba. Ƙa'idar Carnot ta ce injin sanyaya mafi kamala, in zai kwashe wat ɗaya na zafi daga kelbin 4 ya jefar a ɗaki mai digiri 27, sai ya ci wat 74. In ɗakin na digiri 42 ne irin namu na bazara, wat 78 ne. Ga wanda ke kelbin 4, mu da Faransa duk tanderu ɗaya ne.

Kuɗin yana wani wurin. Injinan gaske ba su kusa da kamala, suna cin ɗaruruwan wat, ƙananan ma su kai dubu, a kan kowane wat ɗaya. Duk ribar da aka ci a ƙanƙantar bugu sai an raba ta da wannan adadi. Shi ya sa abin ba ya biyan kansa sai a babban wuri, ko inda silikon ya gaza sam. Injinan yanzu na juya hiliyom ɗinsu a rufe, ba a zuba musu sabo kullum kamar da. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne ɗaukewar wuta, domin sake saukowa daga zafin ɗaki zuwa kelbin 4 aikin awowi ne.

In ta ɗumama, ta manta ke nan?

Mai zobe, ƙwarai, da ta haura kelbin 9 komai ya goge. Mai fallen maganaɗisu labarinta na cikin alƙiblar maganaɗisun, amma ba ta karantuwa sai sanyi ya dawo.

Yaushe za ta shigo wayata?

Ba za ta shigo ba, ɗana. Firigon kaɗai ya fi buhun gero nauyi. In ta taɓa ka, ta nesa za ta taɓa ka, a tashar tauraron ɗan adam ko wata cibiyar da kiranka ke ratsawa. Rezon da ke yanke maka a hanyar Tanut kuwa maganinsa ƙarin eriya ne da wutar da za ta riƙe ta.

Ita ce kwamfutar kwantom da ake faɗa?

Uwa ɗaya, aiki daban. Kwamfutocin kwantom na Google da IBM su ma da mahaɗar Josephson aka gina su, kuma kyautar Nobel ta fizik ta 2025 ta tafi ga Clarke da Devoret da Martinis ne kan gwajin da suka yi da irin wannan da'ira. Amma su suna aiki a kashi 10 zuwa 20 cikin dubu na kelbin ɗaya, kuma lissafinsu wani iri ne. Tamu 0 da 1 ce ta kullum, gudu kawai ta fi. Inda suke haɗuwa shi ne ana son a ajiye tamu kusa da tasu cikin sanyi ta riƙa ba ta umarni, a rage tulin wayoyin da ke sauka daga waje. Wannan ma sai da ma'ajiya.

Na ga bidiyo an ce an samo maras turjiya wanda ba ya buƙatar sanyi.

LK-99 ke nan, na Koriya ta Kudu, a Yulin 2023. Cikin ƴan makonni ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama suka haɗa shi suka auna, bai tabbata ba. Abin da ya tabbata shi ne na Bednorz da Müller a 1986, da wanda ya biyo baya a 1987 mai aiki a sama da kelbin 90, wanda ruwan naitirojin mai arha ke iya sanyayawa. Har an yi matatun sigina da shi an girka a wasu eriyoyin salula a Amurka. Amma kayan tangaram ne mai taurin kai, fitar da mahaɗu dubbai iri ɗaya daga jikinsa ya gagara, shi ya sa masu ma'ajiya suka tsaya kan niyobiyom.

Niyobiyom ɗin nan daga sunan Nijar aka samo shi?

Na so a ce haka ne. Daga Niobe ne, ɗiyar Tantalus a tatsuniyar Girkawa, don kullum ana samun sa manne da ƙarfen tantalom. Burazil ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin 100 na duniya. Sai dai kwalambayit ɗin da aka yi ta haƙa a tsaunukan Jos tare da kuza, shi ne duwatsun niyobiyom, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba wajen fitar da shi.

Malam, ni ina son wannan fanni. Daga ina zan fara?

Ƴata, kelbin 4 ba ya hannunmu a yanzu, amma rabin fannin na hannunmu. Ki riƙe lissafi da fizik da kyau, in kin shiga Jami'ar André Salifou ko wata ki nemi darasin lantarki da na sarrafa sigina, ki ƙware a kan lissafin Fourier. Sannan ki nemi wata ƴar na'ura mai kama da kile USB, RTL-SDR, ba ta da tsada, da manhajar GNU Radio wadda kyauta ce. Ki tsaya kan tashoshin FM na jama'a, tsakanin megahaz 88 da 108, kada ki yi karambanin sauraron abin da ba naki ba.

Na'urar na ɗibar samfur wajen miliyan 2 a daƙiƙa. Ki ɗora ta kan tsohuwar kwamfuta, ki jera matata uku ko huɗu, ki saurara. Za ki ji muryar mai labarai ta fara tsinkewa, a ƙasan allo kuma harafin O na fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kowane O na nufin mazubin ya cika, samfura sun zube ƙasa. Ki ƙara girman mazubin ki ga abin da zai faru, sannan ki rage shi, ki rubuta a wane adadi O ɗin farko ya fito, ki kawo min ranar Litinin.